Ma'aikatan Laburare da Koyon Fasahar Intanet: Nazari Daga Abuja a Kan Makomar Littafin Hausa

1.0 Gabatarwa

Duk wata manhajar karatu, komai kyawun tsarinta, a kan littattafai take tsayawa. Malamin da aka ɗora wa koyar da tarihin ƙagaggun labaran Hausa, da ɗalibar da aka ba aikin nazarin karin magana, dole ne su nemi abin da magabata suka rubuta, kuma a al'ada laburare ne wurin nema. A yau kuwa, akasarin masu nema sukan fara da wayar da ke hannunsu kafin su taka ƙafa zuwa ko'ina. Idan bincike ya nuna babu, to a wurinsu babu ke nan, ko da littafin yana nan a kan kanta yana shan ƙura. Wannan shi ya sa horon da ake ba ma'aikatan laburare a kan fasahar intanet ya zama batun da ya shafi masu tsara manhajar Hausa kai tsaye.

An ɗauki Abuja a matsayin farfajiyar wannan nazari domin a can ne hukumomin da ke tsara wannan horo da masu biyan kuɗinsa suke zaune. Akwai Babban Laburaren Ƙasa, da Majalisar Rajistar Ma'aikatan Laburare ta Nijeriya, da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, da Hukumar Bunƙasa Fasahar Sadarwa, da Asusun Tallafa wa Manyan Makarantu. Abin da aka yanke a ofisoshinsu shi ke isa Kano da Sakkwato da Zariya. Abin da maƙalar take son tabbatarwa shi ne, horon da ya tsaya ga koyon danna maɓallan wata na'ura yakan mutu tare da na'urar, kuma littafin Hausa ne kan fara shan wahalar wannan giɓi.

Akwai buƙatar a yi wani ɗan tsokaci a kan kalma tun da wuri. Hausar yau tana amfani da "manhaja" wajen nufin tsarin darussan makaranta, tana kuma amfani da ita wajen nufin shirin da ke tafiyar da kwamfuta. Domin kauce wa ruɗani, daga nan gaba duk inda aka ce manhaja kawai, ta kwamfuta ake nufi. Inda ake nufin ɗayar, za a ce manhajar karatu.

2.0 Daga Akwatin Kati Zuwa Allon Kwamfuta

An kafa Babban Laburaren Ƙasa a Legas a shekarar 1964, sannan Dokar Soja mai lamba 29 ta 1970 ta faɗaɗa aikinsa. Dokar ta wajabta wa duk mai buga littafi ya ajiye kwafi 3 a laburaren, gwamnatin jiha kwafi 10, ta tarayya kuwa kwafi 25. Shi ne kuma ke ba da lambar shaidar littafi ta duniya, wato ISBN, a Nijeriya. Bayan mayar da fadar gwamnati Abuja a watan Disamba na 1991, hedikwatar laburaren ita ma ta koma can. An ba da kwangilar gina mazauninta na dindindin a 2006, amma har zuwa 2025 ana neman kuɗin kammala shi.

Ma'aikatan da suka fito daga makarantar koyon aikin laburare ta Ibadan, wadda ta fara ɗaukar ɗalibai a 1960, ko ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, wadda aka buɗe a 1968, da tafireta da kati suka koyi sana'ar. Kowane littafi akan buga masa kati na sunan marubuci, da na taken littafi, da na fanni, a jera su cikin akwatunan katako bisa tsarin abacada. Wannan jeri shi ake kira katalogi.

Kwamfuta ta fara shigowa ne a hankali. Hukumar UNESCO ta fitar da manhajar CDS/ISIS ta ƙananan kwamfutoci a 1985, tana rabawa kyauta, kuma ɗakunan karatu na cibiyoyin bincike da dama sun karɓe ta. A tsakiyar shekarun 1990 Hukumar Kula da Jami'o'i ta samar wa jami'o'in tarayya manhajar TINLIB ƙarƙashin wani rancen Bankin Duniya. An tura ma'aikata horo, an fara shigar da bayanai, amma a wurare da yawa aikin bai yi nisa ba, saboda kuɗin sabunta lasisi da ƙarancin masu gyara da matsalar wutar lantarki. Da zamanin manhajar ya wuce, wasu suka sake sabon lale da wata.

Shekarar 2001 ce ta sauya al'amura. A cikinta aka fitar da manufar ƙasa kan fasahar sadarwa, aka kafa hukumar da za ta aiwatar da ita, sannan a watan Agusta wayar salula ta fara aiki. A farkon shekarun 2000 ɗin ne Hukumar Kula da Jami'o'i ta ƙaddamar da shirin laburaren ƙasa na kan intanet. Rumbunan mujallun ilimi na duniya suka buɗe ƙofa ga ƙasashe masu tasowa: HINARI na fannin lafiya a 2002, AGORA na aikin gona a 2003, OARE na muhalli a 2006. Gidauniyoyin MacArthur da Carnegie na Amurka sun tallafa wa wasu jami'o'i, ciki har da ta Ahmadu Bello da ta Bayero da ta Jos, inda Cibiyar Mortenson ta Jami'ar Ilinoi ta riƙa turo masu horar da ma'aikata. Wayoyin ƙarƙashin teku na MainOne da Glo-1 sun iso Legas suka fara aiki a 2010, aka kuma ƙaddamar da hanyar sadarwa ta haɗa jami'o'i, wato NgREN, a Abuja a 2014. A wannan tsakanin ne manhajoji na kyauta suka samu karɓuwa, musamman Koha ta tafiyar da katalogi da ba da aro, wadda aka fara amfani da ita a ƙasar Niyu Zilan a 2000, da DSpace ta adana kundaye, wadda aka fitar a 2002.

Idan aka yi la'akari da ƙa'idar aikin gwamnati ta ritaya bayan shekara 35, ma'aikacin da aka ɗauka a 1990 ya ajiye aiki a 2025. Cikin wa'adin aikinsa guda ɗaya ya ga kati, ya ga kwamfuta mai baƙin allo, ya ga faifan CD, ya ga intanet da wayar hannu, ya kuma riski ƙirƙirarriyar basira. Babu wata takardar digiri da za ta iya ɗaukar wannan duka tun daga farko.

3.0 Yadda Ake Ba da Horon

An kafa Majalisar Rajistar Ma'aikatan Laburare da Dokar Soja mai lamba 12 ta 1995, ta kuma samu magatakardarta ta farko, Dokta Victoria Okojie, a 2009. Daga cikin ayyukanta akwai tabbatar da cewa ma'aikaci ya ci gaba da ƙaro ilimi bayan ya kama aiki. Ita da Ƙungiyar Ma'aikatan Laburare ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1962, da shi kansa Babban Laburaren Ƙasa, sukan shirya tarurrukan bita a kan katalogi na zamani da adana bayanai da amfani da rumbunan intanet.

Tsarin da aka fi sabawa da shi sananne ne. Akan tara mahalarta na kwana uku zuwa biyar, masani ya haska darasi a bango, a yi ɗan gwaji, a raba takardar shaida, kowa ya kama hanyar gida. Bita tana da amfaninta: a nan ne ma'aikacin Gusau kan san takwaransa na Makurɗi, ya karɓi lambar wayarsa, kuma sau da yawa wannan lambar takan fi takardun da aka raba amfani. Sai dai tsarin yana da rauni a wurare biyu. Na farko, wanda ake turawa ba lallai ne ya zama wanda zai yi aikin ba. Tafiya Abuja tana da alawus, don haka takan faɗa hannun babba, alhali ƙaramin ma'aikaci ne ke zaune gaban kwamfutar katalogi ko teburin amsa tambayoyi. Na biyu, abin da aka koya ranar Laraba a zaure mai sanyi da intanet mai gudu, ranar Litinin za a koma ofishin da janareta ba ya da mai. Hannu bai taɓa ba har wata uku, sai ilimin ya bi ruwa.

Akwai wani tsari da ya sha bamban da wannan, wanda ya dace a yi nazarinsa. A shekarar 2006 wata ma'aikaciya mai suna Helene Blowers, ta laburaren jama'a na birnin Shalot a jihar Karolina ta Arewa a Amurka, ta tsara wa abokan aikinta wasu ƙananan ayyuka guda 23 da za su yi da kansu cikin mako tara. Babu aji, babu malami a tsaye. Kowane mako mutum zai buɗe wata sabuwar kafa, kamar Flickr ta ajiye hotuna ko Delicious ta adana adireshin shafuka ko YouTube, ya yi wasa da ita, ya rubuta abin da ya gani domin 'yan'uwansa su karanta. Shirin ya haɗa kowa, daga shugaba har mai jera littattafai, kuma ɗakunan karatu masu yawa a ƙasashe daban-daban sun kwaikwaye shi.

Abin lura a nan shi ne makomar kafafen da aka koyar a wancan zamani. Delicious ta daina karɓar sabon abu a 2017. Google Reader, wadda dubban ma'aikatan laburare suka dogara da ita wajen bin sababbin wallafe-wallafe, an rufe ta a 2013. Google+ ta bi sahu a 2019, Skype kuma a 2025. A nan gida, an dakatar da Twitter daga watan Yuni na 2021 zuwa Janairu na 2022, ɗakunan karatun da suka mayar da ita allon sanarwarsu suka wayi gari babu bakin magana. Da manufar shirin ita ce a ƙware a kan waɗannan kafafe, da an yi asara. Abin da ya saura ga waɗanda suka yi shi shi ne sabo: su tunkari abin da ba su sani ba, su gwada, su ɓata, su tambayi na kusa. A ganin mai wannan nazari, shugaban laburaren da ya ware wa ma'aikatansa awa biyu a mako, da data, da izinin yin kuskure ba tare da takardar tuhuma ba, ya fi wanda ya tura mutum ɗaya bita sau huɗu a shekara.

An ga wani abu mai kama da haka a nahiyar Afirka. Ƙungiyar ɗakunan karatu ta Afirka, wato AfLIA, wadda aka kafa a 2013 mai hedikwata a Akara, ta fara makon ma'aikatan laburare na Afirka a watan Mayu na 2020, lokacin da annobar korona ta kulle ofisoshi. An nemi kowane ma'aikaci ya ƙara ingantacciyar madogara ko da guda ɗaya ce a wata maƙala ta Wikipedia. Aikin ƙarami ne, amma wanda ya yi shi ya koyi buɗe asusu da gyaran shafi da kafa hujja, kuma ya ga sakamakon aikinsa nan take.

4.0 Inda Littafin Hausa Yake Ɓacewa

Akasarin horon da ake bayarwa da littafin Ingilishi ake yin misali, kuma a nan ne matsalar take ɓuya. Idan aka kawo littafin da aka buga a Landan, ma'aikaci ba ya buƙatar ya tsara bayaninsa daga tushe. Zai shigar da lambar ISBN, manhajar ta janyo cikakken bayani daga katalogin Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ko wani babban rumbu, ya ɗan gyara, ya adana. Aikin minti biyar ne. Littafin da aka buga a Kano ko Gusau kuwa, sau da yawa babu wanda ya taɓa shigar da shi a ko'ina a duniya, wani ma ba ya da lambar, ba ya da shekarar bugu. Ma'aikacin da ke riƙe da shi shi ne na farko, wataƙila kuma shi ne na ƙarshe. Yadda ya rubuta haka zai zauna.

4.1 Baƙaƙe Masu Ƙugiya

Tun shekarun 1930 rubutun boko ya tsaya a kan ɓ da ɗ da ƙ domin bambanta sautukan da ke sauya ma'ana: ƙafa daban da kafa, faɗa daban da fada, gaɓa daban da gaba, ƙura daban da kura. Tafireta ta Ingilishi ba ta da su, don haka akan buga k a ƙara ƙugiya da biro. Da kwamfuta ta zo, aka ƙirƙiro nau'o'in rubutu na musamman, irin su Rabi'at da Abdalla da Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar, waɗanda suka yi wa Hausa hidima ƙwarai a lokacinsu. Dabarar irin waɗannan nau'o'i ita ce a ari gurbin wani harafi ko wata alama a ɗora mai ƙugiya a kai. A allo da kan takarda ƙ za a gani, amma a cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta wani abu ne daban. Da zarar an ɗauki rubutun zuwa na'urar da ba ta da wannan nau'i, ko an ɗora shi a intanet, sai asiri ya tonu: ƙasa ta koma qasa ko }asa, ɗaya ta koma xaya, ɓera ya koma vera.

Dubban kundayen digiri na sassan Hausa da haka aka buga su. Idan ma'aikaci ya ɗora irin wannan kundi a DSpace, ya kwafo takensa kai tsaye daga fayil, to ya binne shi ne da hannunsa, domin babu ɗalibin da zai rubuta "qagaggun labarai" a gurbin bincike sai wanda ya san sirrin. Idan aka haɗa da tsofaffin bayanan katalogi na ƙasashen waje da ke sa ɗigo a ƙarƙashin harafi, da masu sa alamar hamza, da masu barin harafin haka nan, kalma ɗaya tana iya fitowa da siffa shida: ƙasa, kasa, k'asa, ḳasa, qasa, }asa. A idon mai karatu abu ɗaya ne. A wurin manhajar bincike kuwa, sai in an saita ta, kalmomi shida ne da ba su san juna ba.

Maganin wannan yana nan tun tuni. Tsarin Unicode ya ba kowane harafi mai ƙugiya lambarsa ta kansa, babba da ƙarami, wadda ba ta sauyawa daga na'ura zuwa na'ura. Windows tana da tsarin madannai na Hausa, wayoyin hannu ma haka, akwai kuma manhajar Keyman ta kyauta. Koha da DSpace duk suna karɓar waɗannan haruffa. Abin da ya rage shi ne a nuna wa ma'aikaci, kuma nunin bai wuce na rabin awa ba. Sai kuma wata dabara ta sana'a: a tsarin MARC da katalogi na kwamfuta ke bi, gurbi na 245 na taken littafi ne kamar yadda yake a bangonsa, gurbi na 246 kuma na wata siffar taken ce. Sai a rubuta taken da ƙugiyoyinsa a na farko, a maimaita shi babu ƙugiya a na biyu. Da haka wanda ya nema ta kowace hanya zai samu. A kuma tuna cewa Nijeriya tana rubuta 'y inda Nijar take rubuta ƴ, saboda haka littafin da ya zo daga Maraɗi ko Damagaram yana buƙatar irin wannan kulawa. Haka nan dole a sa lambar harshe, wato hau, a gurbinta. Idan aka bar gurbin yadda manhajar ta zo da shi, littafin zai shiga lissafin na Ingilishi, kuma duk wanda ya tace bincikensa da harshen Hausa ba zai gan shi ba.

4.2 Sunaye da Fannoni

Ƙa'idojin katalogi, daga AACR2 na 1978 zuwa RDA da manyan ɗakunan karatu suka koma kansa a 2013, sun fi sabawa da mutum mai sunan iyali. Bahaushe kuwa yakan ɗauki sunan mahaifi ko na gari ko na unguwa ko laƙabi ko sarauta. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo kaɗai ana samun sa a rubuce da siffofi da dama, wasu na Hausa, wasu na Larabci, wasu na Turawa. Mawaƙi kamar Mamman Shata wani zai shigar da shi ƙarƙashin Shata, wani Katsina, wani Muhammadu. Marubutan zamani da yawa suna da sunan alƙalami ban da na yanka. A zamanin kati akan yi katin "duba" mai tura mai nema daga wannan siffa zuwa waccan. Manhajojin yau suna da sashen da ke yin wannan aiki, amma ba kasafai ake kaiwa gare shi a bita ta kwana uku ba, don haka ayyukan marubuci ɗaya sukan warwatse kamar na mutum huɗu.

Ta fuskar fanni, tsarin Dewey ya ba harshen Hausa lamba 493.72, adabinsa kuma 893.72. Tsarin Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya ba shi daga PL8231 zuwa PL8234. Wannan ɗan gurbi shi zai ɗauki nahawu da waƙa da wasan kwaikwayo da zube. Ke nan lambar kanta ba za ta wadatar ba, sai an ƙara kalmomin fanni da Hausa: tatsuniya, kirari, waƙar baka, bori, tashe. A nan ne masu nazarin harshe ke da abin bayarwa. Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi da Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace, wanda aka buga a 1990, da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, tushe ne da za a iya gina daidaitaccen jerin kalmomin fanni a kansa, wanda duk ɗakunan karatu za su bi.

4.3 Tsofaffin Takardu

Ɗaukar hoton takarda da na'ura abu ne mai sauƙin koyo. Wahalar tana wajen mayar da hoton rubutun da za a iya bincikawa. Manhajojin da ke karanta hoto sukan ɗauki ƙ a matsayin k ko wata alama daban, musamman a takarda irin ta tsofaffin fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a watan Janairu na 1939. Dole sai mai jin harshen ya bi layi-layi. Rubutun ajami kuwa ya fi haka wuya, domin na hannu ne, kuma kafin a bayyana shi a katalogi sai an samu wanda zai karanta ya ce waƙa ce ko wasiƙa ko fa'ida, ya kuma juya shekarar hijira zuwa miladiyya. Ba abin mamaki ba ne a tarar cewa a duk laburaren, mai iya wannan shi ne wani ƙaramin ma'aikaci da ya yi makarantar allo, wanda sunansa bai taɓa shiga jerin masu zuwa bita ba.

5.0 Tantance Abin da Na'ura Ta Faɗa

Tun da aka fitar da ChatGPT a watan Nuwamba na 2022, wata sabuwar tambaya ta fara zuwa teburin ma'aikaci. Ɗalibi zai zo da jerin manazarta mai kyan gani, da sunan marubuci sananne da shekara da maɗaba'a, yana neman littafin da ba a taɓa rubutawa ba. Irin waɗannan manhajoji suna harhaɗa kalmomin da suka saba zuwa tare ne, don haka suna iya ƙaga taken da ya yi kama da gaskiya. Haɗarin ya fi yawa a fannonin da rubutunsu bai yawaita a intanet ba, kuma nazarin Hausa yana cikinsu. Ma'aikacin da bai taɓa gwada manhajar da kansa ba zai ɓata yini yana neman abin da babu. Wanda ya gwada zai fara da duba katalogin manyan ɗakunan karatu, ya bi lambar shaidar maƙala idan an ba da ita, sannan ya zauna da ɗalibin ya nuna masa yadda aka yi. Haka batun yake game da mujallun bogi masu karɓar kuɗi su buga komai. Duba sunan mujalla a rumbun DOAJ, wanda aka kafa a 2003, ko a AJOL na mujallun Afirka, mataki ne na farko da ya kamata kowane mai zama a teburin tambaya ya iya.

Akwai kuma doka. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, da Dokar Kare Bayanan Jama'a ta watan Yuni na 2023, duk sun shafi aikin yau da kullum: wane littafi ya halatta a ɗauki hotonsa a ɗora, kuma ina za a ajiye sunaye da lambobin wayar masu aro. Tura cikakken littafin marubuci mai rai a zauren WhatsApp na ɗalibai, ko da da niyyar taimako ne, yana cikin abin da horo ya kamata ya yi magana a kansa ƙarara.

6.0 Rubutun da Bai Taɓa Hawa Takarda Ba

Dokar 1970 ta yi maganar kwafin da za a kai a ajiye, domin a lokacin littafi abu ne da ake riƙewa a hannu. Littattafan adabin kasuwar Kano na shekarun 1980 da 1990, ko da ba a kai su ajiya ba, ana iya tsintar su a wurin tsofaffin 'yan kasuwa ko a akwatin wata uwar gida. Ƙagaggun labaran Hausa na yau kuwa, kaso mai yawa daga cikinsu a WhatsApp da Facebook da Wattpad ake sakin su, shafi-shafi, galibi daga alƙalamin mata. Dandalin OkadaBooks, wanda aka kafa a 2013 kuma marubutan Hausa suka riƙa sayar da ayyukansu a kansa, ya rufe a ƙarshen watan Nuwamba na 2023. Duk labarin da marubuciyarsa ba ta ajiye kwafi ba, kuma babu laburaren da ya karɓa, sai dai a nemi wanda ya taɓa sauke shi a wayarsa.

Babban Laburaren Ƙasa, bayan naɗa Farfesa Chinwe Anunobi shugabarsa a 2021, ya buɗe rumbun adana wallafe-wallafen ƙasa a intanet, wanda wuri ne da irin waɗannan ayyuka za su iya shiga. Kafin su shiga sai an samu ma'aikaci a reshen Kano ko Kaduna ko Sakkwato da zai nemo marubuciyar, ya karɓi izininta a rubuce, ya haɗa shafukan da suka warwatse su zama fayil ɗaya cikin siffa mai jure zamani irin PDF/A, ya rubuta ranar da aka fara saki da ranar da aka kammala, ya haɗa sunan alƙalaminta da na yanka idan ta yarda, sannan ya ajiye kwafi na biyu a wata na'ura da ba ta cikin ginin da ta farko take.